Na Takwas a Waƙar Inna Tabawa

Tun ran da na dawo daga ƙasar Mayahi da ƙafafu a kumbure, abokan aikina na lakwal, wato makarantarmu, suka sa ni gaba. Wannan ta ce, "Madam Zuwaira, wai da gaske jaki kika hau?" Waccan ta ce, "An ce har ƙawa kika yo, mai haƙori uku." Na ba da labarin a gutsuttsure har na gaji, kowa kuma in ya ɗauka sai ya ƙara masa gishirinsa. To ga shi nan a jere. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Shekarar fari ce, zamanin soja, ina riƙe da aji shida a Tasawa. Kowace safiya in na kira suna sai in tarar benci ya ƙara fili, an ce gidan su wane sun yi kudu. Waɗanda suka rage kuwa, da na buɗe littafin tarihi sai hamma. Ban ga laifinsu ba. Yaron da bai karya ba, ina ruwansa da yaƙin da Turawa suka yi a garuruwan da ko sunansu ba ya iya faɗa?

Akwai wata mata, Habsu, da yunwa ta koro daga Garin Labo, can gaba da Attantane. Tana yi mana daka, muna ci tare. Wata rana na ji tana rera wani abu a kan turmi, na tsaya da guga a hannu.

"Mazan Gulbi, ku tahi ku komo,
Kaba na nan, rijiya na nan."

Na ce, "Habsu, waƙar me ce wannan?"

Ta ce, "Ta matan da anka kwashe ma maza ce, zamanin yaƙin Nasara. Ni amshi kaɗai na sani. Mai waƙar na can garinmu, Inna Tabawa. Ita ɗai ta rage cikinsu, in ma tana da sauran kwana."

Washegari na kai amshin nan aji. Yaran da ke gyangyaɗi suka kama bugun benci har malamin aji biyar ya leƙo. Nan take na ce musu da shi za mu yi wasan ƙarshen shekara: maza su zama samarin da aka ɗiba, mata su yi daka da waƙa, a zana hanyar da suka bi a bangon aji, kowa kuma ya tambayi tsohon gidansu abin da ya sani. Kafin mako ya ƙare yara biyu da suka daina zuwa sun dawo. Daɗin abin ya ɗebe ni, na yi musu alkawarin zan kawo waƙar cikakkiya, da sunan kowane mutum da ke cikinta. Yaro kuwa ba ya manta alkawari, balle yara arba'in.

Da hutu ya matso darakta ya ba ni takardar izini. Mijina Issufu, ma'aikacin gidan waya, ya aro mini manyeto, na'urar ɗaukar murya, da kaset guda. Na haɗa tsarabata irin ta 'yan birni: goro, sukari, shayi, sabulu. Ya ce in tafi da hatsi. Na ce ni ba fatauci za ni ba. Sai ya auna gero tiya biyu cikin namu, ya ɗaure, ya tura ƙarƙashin jakata. Har tasha ina mita.

Kamiyo muka samu, babbar motar kaya, mai zuwa kasuwar Mayahi. Hanyar yashi ce, sau uku motar na nutsewa, maza su sauka su tura, mu mata mu yi gaba a ƙasa. Ni kuwa na sa takalmi mai tsini, don kada a raina malama. Duk wanda muka gamu da shi kudu ya nufa, da tabarma a ka da yara a baya. Wani dattijo da muke zaune kan buhu ɗaya ya tambaye ni abin da za ni yi. Da na gaya masa, ya daɗe yana kallona.

"Ɗiyata, kowa na gudowa neman hatsi, ke kina tahiya neman waƙa? To, Allah shi ba da sa'a. Ita dai ba ta da tsada bana."

Inda ƙasar Tasawa ta ƙare akwai shinge, ganga biyu da igiya. Jandarman da ke wurin ya duba takardata sama da ƙasa, sannan idonsa ya faɗa kan manyeto. A lokacin nan ba a son a ga mutum yana yawo yana ɗaukar maganar talakawa. Ya ce in kunna ya ji. Na kunna, ba komai a ciki sai muryar 'yan ajina da na ɗauka don gwaji kafin a tashi hutu. Amshin ya tashi a tsakiyar daji, da bugun benci da komai. Ya saurara har ƙarshe, fuska a ɗaure. Sai ya ce, "Kakana ma ya tafi. Da ƙafa ɗaya ya dawo." Ya miƙo mini na'urar da hannu biyu, ya sauke igiya.

A Mayahi na sauka gidan Rakiya, wadda muka yi makarantar horon malamai tare. Ta tarbe ni da tuwon jar dawar taimako, ja wur, ta ce in rufe ido in ci, launin ne kawai ba na mutane ba. Ruwan wanka kuwa a kwano ta auno mini. Ni da na saba da famfo na ce, "Wannan na alwala ne?" Ta ce, "Na wanka ne, kuma ki tsaya cikin daro, da shi za a ba tunkiya." Na yi yadda ta ce. Ban taɓa sanin mutum na iya fita fes da ruwa kaɗan haka ba.

Da safe motar asibiti mai kai magani ta rage mini hanya zuwa Attantane. Daga nan sai ƙafa ko dabba. Aka haɗa ni da wani tsoho mai sayar da igiyar kaba, Baba Illa, mutumin Garin Labo, da jakinsa da ake iya ƙirga haƙarƙarinsa. Da ya ji wadda nake nema sai ya washe baki.

"Tabawa? Ai matata ce. Shekara arba'in ina biɗa tana ƙi."

Ashe ƙanen mijinta na fari ne, wasan da ke tsakanin ƙanen miji da matar wa ne yake yi. Ya ɗora ni kan jakin. Ban yi nisa ba jakin ya ga wani ɗan ganye a gefen hanya ya karkata, ni kuma na ci gaba ni kaɗai, na sauka cikin ƙarangiya. Baba Illa bai yi dariya ba sai da ya tabbata manyeto bai fashe ba. Sauran hanyar gero da na'ura ne suka hau, ni na bi su a baya, takalmi a hannu.

Rabin gidajen Garin Labo an ja musu ƙaya a ƙofa. Inna Tabawa na nan, 'yar ƙarama, baƙa, da haƙoran nan uku da baki kamar reza. Ta haifi 'ya'ya a aurenta na biyu, duk sun tafi cin rani, ita ta ce ba inda za ta. Ta ba ni ruwa, ta ba ni dilo, 'ya'yan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Nata bai gama fita ba. Na tauna ina murmushi, ita kuma tana kallon maƙogwarona har na haɗiye.

Na baje tsarabata, na kafa manyeto a gabanta, na buɗe littafi, na ce bismilla.

Ta ce, "Bismillar mi? Waƙar daka ce. A zaune za ni yi ta kamar mai roƙo? Ba ta hitowa sai da taɓarya."

Na hango turmi a kife jikin danga. Na ce, "To ga turmi can, a buga shi hakanan mana, ai sautin kawai muke so."

Matan da suka shigo ganin baƙuwa suka haɗa baki da salati. Inna Tabawa ta ce, "Turmi wayam? Nan ba a yi. Kiran yunwa ne. Wadda muke ciki ba ta ishe ki ba, sai kin kira mata ƙanwa?"

Kunya ta rufe ni. Sai na tuna ƙullin nan da na yi ta mita a kansa. Na kwance shi ina cewa, "Allah ya yi wa Issufu albarka."

"Wane ne Issuhu?"

"Mijina."

Ta kama haɓa. "Mijinki? Da bakinki? Ku ji mini ɗiyar lakwal! Kuma shina ji, bai ce komi ba?" Matan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na ce a Tasawa ma ba kowa ke yi ba, mu 'yan boko ne muka lalace. Ta ce ai ta gani.

Aka zuba tiya guda a turmi. Da taɓarya ta fara sauka, matan da suka rage a garin suka fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, don an daɗe ba a ji ƙarar dakan gero ba. Tsohuwar nan da na zaci iska za ta ɗauke ta miƙe tsaye, murya ta fito tar.

"Mazan Gulbi, ku tahi ku komo,
Kaba na nan, rijiya na nan.
Wanda ya tambaye ku garinku,
Ku ce inda mata ke noma ba su kuka.
Tanko na Dela, taka da ƙarhi,
Ƙasar da ta haihe ka na kallo."

In ta gaji sai wata ta karɓi taɓarya, ita kuma ta ba ni labari. Yadda aka aiko wa mai gari a kawo samari. Yadda aka auna musu ƙirji da igiya kamar za a ɗinka musu riga. Yadda suka fita a ƙasa ana tsakiyar noma, matan suka ɗauki hauyoyinsu suka ƙarasa gonakin. Ta ce, "Mutum takwas anka ɗiba garinga. Huɗu sunka komo." Abin da littafina ya gama a layi biyu, ga shi da mutane a ciki.

Da aka gama na ƙirga sunayen da na rubuta. Bakwai. Na mayar da kaset baya na saurara, bakwai dai. Na ɗaga kai, biro a hannu, kamar ina gaban allo, na ce, "Inna, saura ɗaya. Naki mijin ai yana ciki. Yaya sunansa?"

Ta dube ni, ta jingine taɓarya a hankali, ta shige ɗaki ta saki asabari.

Wallahi na san al'adar. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan babana ba. Amma da na riƙe biro sai na manta ni 'yar waye. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Baba Illa ne ya kira ni gindin wata aduwa ya warware mini. Ya ce da matan nan suka shirya waƙar, ba wadda ke iya faɗin nata mijin, sai suka yi musaya: kowace da ƙawarta, ke ki ɗauki sunan nata, ita ta ɗauki sunan naki. Tabawa ta ɗauki Tanko, Dela matar Tanko ta ɗauki nata. Da sauran suka yi ta mutuwa Tabawa ta tattara baitocinsu ta riƙe, amma guda ɗaya ba ta iyawa.

"Damina shida ke nan da Dela ta rasu. Ba ki ji wurin da Tabawa take bugu huɗu ba ta cewa komi ba?"

Na ji. Na zaci numfashi take mayarwa.

"Nan ne wurinshi. Yayana bai komo ba. Ba gawa, ba takarda, ba wanda ya ce ya ga inda ya hwaɗi. In ba cikin waƙar nan ba, ba inda yake." Sannan ya ce, "Nomau sunanshi. Rubuta."

Na rubuta. Sunaye takwas sun cika, ina iya kama hanya. Amma na kasa tashi. Na yi wa yara alkawarin waƙa cikakkiya, ga ta da rami a tsakiya, kuma na ɓata wa tsohuwar da ta ba ni abincin bakinta.

Bayan la'asar na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ba da haƙuri. Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta gaya mini, sannan ta ɗaga asabari.

"Kin samu abin da kinka zo biɗa?"

"Na samu suna, Inna. Ban samu baitinsa ba."

"Baitin na Dela ne, ta tahi da bakinta." Ta zauna a dokin ƙofa. "Matan garinga duk ɗiyanmu ne da surukai. Uba ne gare su, ba mai iya kama sunanshi. Wancan tsohon banza kuwa namiji ne, ba shi daka." Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. "Ke ko na lura bakinki ba shi da linzami. Wadda ta hwaɗi nata, na wani zai gagare ta?"

Na ce, "In kin yarda, zan ɗauka."

"Ba a ba baƙuwa. Sai ƙawa."

Haka aka ƙulla ƙawance tsakanina da matar da ta girmi uwata. Na ba ta goro da kallabin da ke kaina, ta ba ni faifan kaba da ta saƙa da hannunta, wata ta rangaɗa guɗa. Daga nan ta hana ni ce mata Inna. Ta koya mini baitin, in ta zo kan sunan sai ta rufe baki ta yi gunji, ni in cika a zuciyata. Ta ce muryata kamar ta akuya mai mura, amma za a lallaɓa.

Da hantsi aka zuba tiya ta biyu. Muka tsaya turmi ɗaya ni da ita, tana sauke tata taɓarya ina ɗaga tawa. Ta bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, mata na amsawa. Da ta zo wurin ta yi shiru, ta ɗago ido ta dube ni. Na buɗe baki.

"Nomau na Tabawa, dogo na gaban sahu,
In ka ga teku ka ce mata kana da rijiya."

Taɓaryarta ta tsaya a sama. Ta sauke ta a hankali, ta dafa bakin turmi. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta ce, "Ƙara." Na ƙara. Ta ce, "Ba ki ja 'dogo' ba. Dela na jan shi. Ƙara." Ina jin Baba Illa a bayan danga yana ta gyaran murya ba dalili. Sai da na faɗa sau biyar, sannan ta ɗauki taɓarya ta ce wa matan, "To mi kuke kallo? Hatsi na jira." Kafin a tashi har ta ƙaga wa Issufu nasa baitin, wai mai ɗaure hatsi a bayan mai gardama. An dama fura da geron nan, kowa ya samu ludayi biyu.

Da zan tafi ta raka ni har bakin rijiya. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Ƙawa, yaranki su hwaɗi bakwai. Na takwas naki ne, kada ki ba kowa aro."

Komowa ba ta da labari, sai ƙafa da ta kumbura da faifai da na rungume har Tasawa. Yara suka karɓi waƙar kamar an ba su nama. Suka zana hanya a bango tun daga Gulbin Kaba, kwarin ƙasar mazan, har bakin teku, suka yi bindigogin kara, wata ta zo da hular sojan kakanta da asu ya cinye. Ranar wasa filin lakwal ya cika, manyan gari da masu kaki a jeren gaba. Da aka zo wurin, na tuɓe takalmi na shiga cikin 'yan matan na karɓi taɓarya. Na ga darakta ya zaro ido. Na ja "dogo" iya ƙarfina. Da waƙa ta ƙare, kafin a yi tafi, wani tsohon soja a cikin taron ya miƙe da sandarsa ya ce a yi wa waɗanda ba su dawo ba fatiha, ya sa na sake kiran sunayen huɗun. Filin duka ya ɗaga hannu.

Bayan kamar mako uku ina cikin aji aka ce ana sallama da ni. Baba Illa ne, ya kawo igiya kasuwar Tasawa, ya yi ta tambaya har ya gano lakwal. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Ƙawarki ta aiko ni da tambaya guda. Ta ce, kin hwaɗa?"

Na ce na faɗa, gaban mutanen Tasawa, yara arba'in suna amsawa. Na ba shi labarin tsohon sojan da fatihar.

Ya dube ni. "Hwatiha? Da sunanshi?"

"Da sunansa, Baba."

Ya nemi gefen baranda ya zauna, ya cire hula ya riƙe. Can ya ce, "Mu ba mu taɓa yi mai ba. Kullum muna cewa wataƙila gobe shi komo. Ba wanda ya so shi zama na hwarko."

Na ce ya jira a tashi, mu je gida ya ci abinci ya huta. Ya mayar da hularsa, ya miƙe, ya saɓa sauran igiyoyinsa da bai sayar ba.

"A'a, ɗiyata. Bari in kama hanya, kada wani shi riga ni gaya mata."